Kabeji Ba Ya Gudu: Saƙonnin da Shuka ke Aikawa a Cikin Jikinta

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage sauti]

MAI GABATARWA: Gaisuwa ta musamman ga masu garka na Tit da Abalessa da cikin garin Tamanrasset, da 'yan'uwanmu da suka taso daga Tawa da Maraɗi da Damagaram da Katsina suke ban-ruwa a garaken Ahaggar. Sannunku da aiki, Allah ya sa albarka a guminku.

Sanyi ya kusa, lokacin dashe ya zo. Yau za mu zauna a kan kabeji, wanda mutanen Nijar ke kira shu, da danginsa: farin kabeji, da lifti, da fijil, da lansir ɗin da ake kwaɗawa da ƙuli-ƙuli a ƙasar Hausa. Duk gida ɗaya suka fito. Ka duba furensu, za ka ga fiffike huɗu a gicciye.

Malam mai garka, na san ka sha ganin wannan. Da hantsi kabejinka na tsaye cak. Rana na take tsaka sai ganyen ya sunkuya kamar wanda aka yi wa faɗa. Da la'asar sakaliya, ba ka zuba masa ko ɗigo ba, sai ga shi ya miƙe. Akuya in ta ji rana sai ta nemi inuwa, kai ma ka ja rawani ka rufe fuska. Kabeji kuwa inda ka dasa shi nan zai tsaya, ko rana ce ko ɗari ko tsutsa. To da me yake kare kansa? Saiwar da ke cikin duhun ƙasa, ta yaya take gaya wa ganye cewa ruwa ya ƙare?

Allah ya hore wa shuka waɗansu sinadarai 'yan ƙalilan, masana na kiransu homon. Mu a wannan fili za mu kira su 'yan aike, domin aikinsu ke nan: a yi su a wannan gaɓa, su kai labari waccan gaɓa. Tun a 1880 Charles Darwin da ɗansa Francis, a Ingila, suka sa wa kan tsiron ciyawa 'yar hula, sai suka ga ya daina karkata wajen haske. Suka fahimci cewa kan tsiron ne ke gani, sannan ya aika da umarni ƙasa inda ake lanƙwasawa. Littafin da suka rubuta a kan motsin tsirrai ma da tsiron kabeji ya fara. Yawancin abin da aka gano daga baya kuwa an gano shi ne a jikin wata 'yar ciyawa mai suna Arabidopsis, 'yar gidan su kabeji, wadda aka gama karanta kundin halittarta a shekarar 2000. Ke nan ilimin da za mu kawo muku a cikin dangin abin da kuke nomawa aka haƙo shi.

[Ɗan kiɗa]

Mu fara da ƙishirwa, tunda ita ce babbar damuwarmu. Sunan garin Tit kansa a harshen Buzaye yana nufin ido, kuma idon ruwa, kamar dai yadda Bahaushe ke faɗa. Garin na nan kimanin kilomita 40 daga Tamanrasset a kan hanyar In Salah, kuma ruwan saman da wannan yanki ke samu a shekara bai wuce wajen milimita 50 ba. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kabeji na bukatar milimita 380 zuwa 500 daga dashe zuwa yanka. Wato kowane murabba'in mita ɗaya na fangalinka zai sha lita 380 zuwa 500, kuma a busasshiyar iskar hamada abin kan zarce haka. Kusan duk wannan daga rijiyarka zai fito.

Ina ruwan ke tafiya? A jikin ganye akwai dubban 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Kowace ƙofa na da masu gadi biyu, ƙwayoyin halitta masu siffar wake. In sun ƙoshi da ruwa sai su bankare, ƙofa ta buɗe. Ta nan iska ke shiga, wadda ganye ke haɗawa da ruwa da hasken rana ya dafa abincinsa. Ta nan kuma ruwa ke fita ya bi iska. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwa ta jawo ta waɗannan ƙofofi yake tsiyayewa.

Da zarar ƙasa ta fara bushewa, saiwa kan aika labari sama, sai wani ɗan aike mai suna absisik ya taru a ganye. A 1969 wasu masana biyu a Ingila, Wright da Hiron, sun auna shi a ganyen alkama da ya yi yaushi, suka tarar ya ninka har sau 40. Saƙonsa guda ne: a rufe ƙofa. Masu gadi su saki gishirin fotasiyam da ke cikinsu, ruwa ya bi shi waje, su saki jiki, ƙofa ta rufe cikin mintuna. Haka shuka ke tsira da ranta.

Amma ɗan'uwa, ka riƙe wannan, domin a kansa dukan shirinmu na yau ya tsaya. Ƙofar da aka rufe don kada ruwa ya fita, ita ce dai ƙofar da abinci ke shigowa. Taura biyu ba ta taunuwa. Duk sa'ar da kabejinka ya yi yana kare kansa, a wannan sa'a ya ajiye girma. Ranar yanka, a kan sikeli za ka ga lissafin: kan da ya kamata ya cika hannu biyu sai ya fito kamar dunƙulen hannu.

Saboda haka ba a ba kabeji ruwa irin na biki, yau a cika shi har ya kwanta, sannan a yi kwana biyar ba a leƙo shi ba. Yana son ruwa daidai-wa-daida a kan lokaci, musamman daga sa'ar da ya fara naɗe kai. Saiwarsa ba ta nisa, mafi yawanta a saman ƙasa take, kuma ƙasar koramarmu rairayi ce, ba ta riƙe laima. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi a gindinsa. Ka zuba ruɓaɓɓen takin awaki. Ka kafa shinge na zana ko na ganyen dabino ta gefen da iska ke kaɗowa, domin busasshiyar iska ta fi rana kwasar ruwa daga ganye. In kana da halin tiyo mai ɗigo, to ka samu abin da kabeji ya fi so.

Ga yadda za ka bambance. Ganyen da ya sunkuya da tsakar rana ya miƙe da yamma, zafi ne ya fi ƙarfin saiwa na ɗan lokaci. Wanda ka iske a sunkuye da asuba, wannan ƙishirwa ce ta gaske, ko kuma wani abu ya taɓa saiwar. Labarin zuciya a tambayi fuska, fuskar shuka kuwa ganyenta ne.

[Ɗan kiɗa]

Masu garka kan yi wata tambaya: ga ƙasa a jiƙe, ga shuka tana yaushi, me ya faru? Abu biyu ne ke kawo haka.

Na farko gishiri. In ka ga farin ɓawo kamar kanwa a saman kunya, ka san ruwan ban-ruwa ya tafi ya bar gishirinsa. Gishiri na riƙe ruwa a cikin ƙasa, saiwa ta ja ta kasa, sai ta aika da saƙon fari alhali tana tsakiyar ruwa. Absisik ya sake tashi, ƙofofi su sake rufewa. Kabeji ba ya cikin masu jure gishiri sosai, ba kamar dabino ko sha'ir ba. Maganin shi ne lokaci-lokaci ka yi ban-ruwa mai nauyi wanda zai wanke gishirin ya gangara ƙasa da saiwa, kuma ka dasa a kafaɗar kunya, domin a ƙoƙuwarta gishiri ke taruwa.

Na biyu ruwan da ya yi yawa. Saiwa ma numfashi take. In ruwa ya kwanta a fangali kwana da kwanaki, sai ta shaƙe, ta tura wani sinadari sama wanda ke rikiɗa ya zama etilin. Shi wannan ɗan aike iska ne. Wani ɗalibi a Rasha, Dimitri Neljubow, shi ya gane shi a 1901, bayan ya lura cewa iskar gas ta fitilu ce ke sa tsirrai girma a karkace a ɗakin bincikensu. Saƙon etilin shi ne tsufa: ganye ya yi rawaya, ya saki, ya faɗi. Shi ne kuma ke nunar da tumatir da ayaba. Don haka, ɗan'uwa mai kai kaya kasuwar Tamanrasset, da ke 'yar'uwa mai ajiya a ɗakin girki, kada a rufe kabeji wuri ɗaya da nunannen tumatir ko ayaba ko tuffa. Iskar da suke fitarwa za ta tsufar da shi tun kafin mai saye ya zo. Hayaƙin inji ma na ɗauke da ita.

Akwai wasu cututtuka biyu da ake ɗora wa iri laifi, alhali hannun mai ban-ruwa ne. Ka yanka kan kabeji mai kyau daga waje, ka iske gefen ganyen ciki ya ƙone ya yi baƙi. Wannan ƙarancin kalsiyam ne, kuma sau da yawa akwai shi a ƙasar, isa ne bai yi ba. Kalsiyam ruwa yake bi, ruwa kuma ya fi zuwa ga manyan ganyen waje masu shan iska. Na ciki da ke naɗe sai da dare suke samun rabonsu, in ƙasa na da laima. In aka bar ta ta bushe, ko aka cika takin yuriya har ganye ya yi ta girma da gaggawa, sai na cikin su tashi a tutar babu. Ɗayar kuma fashewar kai ce: kai ya ƙosa, an bar shi da ƙishirwa, sannan aka kwararo masa ruwa, na ciki ya kumbura ya tsage na waje. In kabejinka ya ƙosa kuma kasuwa ba ta yi ba, ka kama kan da hannu biyu ka ɗan murɗa shi har wasu saiwoyi su katse. Zai rage sha, ya ba ka 'yan kwanaki.

[Kiɗa, sannan sanarwar tsakiyar shiri]

Jama'a, ga wanda ya kama mu yanzu, muna magana ne a kan yadda kabeji da danginsa ke jin wahala da yadda suke amsa ta. Yanzu sai tsutsa.

Ka taɓa tambayar kanka me ya sa lansir ke da yaji, fijil ke hawa hanci? Makami ne. Wannan dangi na ajiye sinadarai biyu a ɗakuna daban-daban cikin ganye. Muddin ba a haɗa su ba, lafiya lau. Haƙori na fasa ganye sai su gauraya, su ba da wani mai mai zafi da ke korar yawancin ƙwari. Zogale da gasaya ma dangi ne na nesa, suna da irin wannan makami, shi ya sa saiwar zogale ke da wannan yaji.

Wanda ke ba da umarnin a ƙara makamin shi ne ɗan aike mai suna jasmonet. A 2018 Masatsugu Toyota da Simon Gilroy, a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, suka ɗauki hoton abin da ke faruwa lokacin da tsutsa ta ciji ganye. Saƙo ya tashi daga wurin cizon yana tafiyar kusan milimita 1 a daƙiƙa, cikin minti ɗaya zuwa biyu ya isa ganyen da ko taɓa su ba a yi ba, suka fara shiri. Bayan haka, ganyen da aka ciza na fitar da wani ƙamshi da ke kiran wasu ƙananan zanzaro, waɗanda ke saka ƙwansu a jikin tsutsar su kashe ta. Shuka ba ta da baki, amma tana kiran gudummawa.

Sai dai kowane gwani da nasa gwanin. Akwai wata 'yar koriyar tsutsa wadda duk mai noman kabeji ya sani: tana kankare bayan ganye ta bar shi shara-shara kamar taga, in ka taɓa ta sai ta yi baya da sauri ta sauko a kan zare. Ita tana da abin da ke kwance makamin tun a cikinta, uwarta ma da warin makamin take gane inda za ta yi ƙwai. Wannan tsutsa ta gagari maganin DDT tun 1953 a tsibirin Java, kuma tun daga nan kusan duk maganin da aka dage mata da shi sai ta saba da shi. In ka yi ta fesa magani ɗaya kowane mako, masu rauninsu za ka kashe, ka kashe zanzaron da ke taimakonka, ka bar masu taurin kai su hayayyafa.

Ina roƙonka, ɗan'uwa, ka riƙa ɗaga ganye kana duba bayansa sau biyu a mako. Ka rufe gadon reno da gidan sauro. In za ka yi feshi, ka nemi maganin Bt, wanda tsutsa yake kashewa ya bar zanzaro, ko jiƙon 'ya'yan dogon yaro ga mai samunsu, kuma ka fesa da yamma. In ka koma ga maganin kanti, ka riƙa sauya iri, ka kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da yanka, domin 'ya'yan mutane ne za su ci, har da naka. Bayan yanka ka tumɓuke kututturan, kada su zama masaukin tsutsa. Kuma ka tuna da taurar nan biyu: jasmonet in ya tashi, girma yake dannewa. Kabejin da ke fama da ƙishirwa sannan ga tsutsa, yaƙi biyu yake yi da guzuri ɗaya.

[Ɗan kiɗa]

Saura ɗari, kuma a nan ne ƙasar Ahaggar ta bambanta da gida. Wanda ya yi noman kabeji a Kano ko Maraɗi zai iya shekara da shekaru bai ga furensa ba, shi ya sa kullum sai an sayi iri a cikin fakiti. Dalili shi ne kabeji na da wani makulli a jikinsa da ke hana shi fure, kuma ba abin da ke buɗe shi sai sanyi mai tsawo, makonni a jere ƙasa da digiri 10. Tit kuwa tana sama da mita 1,000 daga doron teku, daren Disamba da Janairu na iya kai wa ruwa ya yi ƙanƙara. Shuka na ƙirga waɗannan darare. In an gama ƙirga, rana ta fara ɗumi, sai ɗan aike mai suna jibarelin ya karɓi aiki. Shi wannan, wani masani ɗan Japan, Eiichi Kurosawa, ya bi sawunsa a 1926 a gonakin shinkafa na Taiwan, inda wata cuta ke sa shinkafa ta yi tsawon banza ta faɗi. Saƙonsa shi ne a miƙe. Sai ka ga kara ya fasa tsakiyar kabeji ya fito da fure ruwan ɗorawa, lifti da fijil kuma su yi itace a ciki.

Shukar da ke da haɗarin haka ita ce wadda karanta ya kai kaurin fensir amma ba ta naɗe kai ba lokacin da tsananin sanyi ya sauka. Jaririn tsiro bai iya ƙirga sanyi ba tukuna. Don haka ka daidaita dashenka yadda kai zai naɗe a yanka kafin ɗumin bazara, ka kuma tambayi mai sayar da iri wanda ba ya saurin fure. In kuwa irin gargajiya ne a hannunka, ba haɗaɗɗe na kamfani ba, to wannan sanyi kyauta ce: ka bar 'yan gindi masu kyau su yi fure ka ɗebi iri, abin da ɗan'uwanka na Kano ba ya samu.

Wahala kaɗan a kan lokaci ma tana da amfani. Mako guda kafin dashe, ka rage wa tsiron ruwa a gadon reno, ka janye masa inuwa sannu a hankali. Absisik zai ɗan tashi, ƙofofi su koyi rufewa da wuri, ganye ya yi kauri. Ka cire shi da ƙasar gindinsa, domin a bakin 'yan saiwoyin nan ake yin wani ɗan aike, saitokinin, mai hana ganye tsufa. Ka dasa da yamma, ka ba shi ruwa nan take. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kafin mu rufe, ku ɗaga ido daga garka ku dubi daji. Makiyayan raƙuma sun san alwat, ganyen nan mai kauri da fure shuɗi-shuɗi da ke rufe fili bayan an yi ruwa, daga nan har Tamesna ta ƙasar Nijar. Ɗan gidan su kabeji ne. Irinsa na kwance cikin rairayi yana jira, ɗan aiken da ke rufe ƙofar ganye shi ke riƙe iri cikin barci, wanda ke miƙar da kara kuma shi ke tashinsa in ruwa ya wadata. Alwat ya iya zaman hamada domin bukatarsa ya yi iri ya bar baya. Kabeji kuwa mu muka raba shi da gaɓar teku mai laima inda kakanninsa suka fito, muka ce ya tara mana ganye kilo biyu a tsakiyar Sahara. Tunda mu muka kawo shi, nauyinsa na wuyanmu.

Ga aikin wannan mako. Gobe bayan sallar asuba, ka shiga garka kafin ka tayar da injin. Ka dubi ganye: a tsaye yake ko a sunkuye? Ka tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu ka ji laimarta. Ka ɗaga ganye biyar ka duba bayansu. Ka dubi saman kunya ko ya yi fari. Ka sake zagayowa da azahar, ka sake da magariba. In ka yi haka kwana bakwai, shukarka da kanta za ta gaya maka ranar ban-ruwa, kuma duk saƙon wahalar da ka hana ta aikawa, ganye ne ya ƙaru a kan da za ka kai kasuwa.

A nan za mu dasa aya. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu tattauna a kan haɗa takin gargajiya da yadda ake gane ya nuna. A madadin wanda ya haɗa mana sauti, nake cewa Allah ya ba da damshi mai albarka, ya tsare mana amfanin garka.

[Kiɗan rufe shiri]